Tafin Mai Biredi

Ranar da Likita ta ce in rabu da alkama har iya rayuwata, dariya ce ta kuɓuce min. Na ce mata, "Likita, don Allah kin san wanda yake zaune a gefena kuwa?"

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ba maigidanki ba ne?"

"Shi ne. Kuma gidan biredin nan na kwanar asibiti, mai koren ƙyaure, wanda ma'aikatanku suke yin layi a gabansa da safe, nasa ne."

Likita ta ajiye biro a hankali ta ce, "Ikon Allah."

Ta dai daure ta yi mana bayani. Ciwon sunansa siliyak. Akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir da danginsu, ana ce masa gulutin, wanda jikina ya ɗauka abokin gaba ne. Da ya shiga sai jikin ya tashi faɗa, a garin faɗan kuma ya riƙa ƙuje min hanji. Shi ya sa na daɗe ina fama da kumburin ciki da zaryar banɗaki da kasala, jinina kullum a ƙasa, ina ci kamar gara amma sai ramewa nake. Maganin ɗaya ne, in ji ta: kada abin ya sake shiga bakina. Ba biredi, ba taliya, ba biskit, ba kek, ko ɓurɓushi.

Maigida ya gyara zama. "Me kika ce sunan abin? Gulma?"

"Gulutin."

"To ai ɗaya ne. Abin da ba a ganinsa, ya laɓe a cikin abin arziki yana haɗa mutum faɗa da cikinsa, in ba ɗan gulma ba ne mene ne?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Har yau a gidanmu ba wanda yake cewa gulutin, sai Ɗan Gulma.

Ni a hanyar komawa gida ba cikina nake tunani ba, shi nake tunani. Mutumin nan tun ina amarya biredi ne addu'arsa ta safe da hirarsa ta yamma. In baƙo ya ci tsakiyar biredinsa ya bar ɓawon a faranti, sai ya kwana biyu yana mita. Na ce yau kam na shiga uku, zai ce na raina masa sana'a. Ashe ban gama saninsa ba. Muna shiga gida ya naɗe hannun riga ya faɗa kicin kamar an aiko shi kame.

Cokalin katakon da na yi shekaru ina juya miya da shi, ya ce yana da tsaga, Ɗan Gulma zai iya kwana a ciki. Ya jefa a kwali. Rariya ta bi shi, katakon yanka ya bi ta, har gwangwanin bota, wai wuƙar biredi ta saba kai masa ziyara. Washegari ya sayo sababbin tukwane da cokula, ya buɗe akwatin keken ɗinkina ba ko sallama, ya ɗauki jan zare ya ɗaura wa kowannensu a hannu. Duk mai jan zare nawa ne, wanda ya taɓa shi da kayan fulawa ya kuka da kansa. Ya kafa doka cewa biredi ba zai sake ƙetare ƙofar gidan ba. Mai Biredi guda, ya koma cin biredinsa a tsaye a wajen aiki. Jikokinmu kuwa in sun zo da biskit, a bakin ƙofa suke cinyewa, a kakkaɓe musu riga, a wanke musu baki, sannan su samu izinin gaishe ni.

Na koma shinkafa, dankali, masara, wake, ƙwai, kifi, nama in an samu, da 'ya'yan itace. Ba laifi, ba yunwa nake ji ba. Amma kada wani ya yi muku ƙarya wai mutum yana mantawa. Ƙarshen biredin nan da ya ɗan ƙone, mai ƙaras-ƙaras, wanda maigida yake ware min tun da zafinsa, har mafarkinsa na yi. Sau da yawa in na biyo ta kwanar asibiti ƙamshin ya doke ni, sai in tsallaka ɗaya gefen titin ina zagin hancina.

Mutane kuma ga su nan. Duk inda na je aka miƙo faranti na ce a'a, sai an ce, "Haba, ɗan taɓa mana, ɗan kaɗan." Yayar maigida, wadda yara suke ce wa Gwaggo, ita ce shugabarsu. Ta zo da kek a leda ta zauna tana kallona sama da ƙasa.

"Mu a zamaninmu ba mu san wannan ciwon 'yan gayu ba. Ɗan ƙyas ki gutsura, me zai yi miki?"

Na ce, "Yaya, in na gutsura, ke za ki tsaya min a ƙofar banɗaki kina ba ni haƙuri?"

Kafin ta haɗa amsa ƙaninta ya shigo ya hango ledar. Ya ɗauke ta da yatsa biyu ya fita da ita waje, ya dawo ya goge teburin a gaban idonta. Gwaggo ta yi fushin da sai da aka bi ta gida da ban baki.

Da farko na ji sauƙi sosai. Sai dai sauƙin ya tsaya a rabin hanya. In kwana biyu lafiya, rana ta uku cikina ya ɗaure tamau, baki ya fashe, kasala ta dawo. Da muka koma asibiti aka sake gwada jinina, Likita ta girgiza kai.

"Har yanzu yana shiga ta wani wuri. Kina ɗan satar ci ne?"

Maigida ya riga ni. "Matata ba ta sata, Likita. Wani ne yake shigo da shi. Zan kamo shi."

Tirƙashi. Nan gidanmu ya koma ofishin bincike. Ya tuhumi dunƙulen miya, ya tuhumi garin yaji, ya tuhumi man goge haƙori. Ya ƙwace min jan-baki ya kai wa mai kemis a duba. A kanti yakan tsaya da tabarau a ƙarshen hanci yana karanta rubutun bayan gwangwani baƙi bayan baƙi, layi ya taru a bayansa, mai kanti yana ta gyaran murya, shi ko a jikinsa. Har magen maƙwabta bai bari ba, wai ya gan ta tana fitowa daga bolar mai shayi da farin baki.

To bari in gaya muku yadda maigidana yake dawowa gida, don a nan maganar take. Tun da duhun asuba yake fita kwaɓi, sai rana ta take yake shigowa. Yana shigowa zai ɗauraye hannu a famfo sama-sama, ya wuce kicin, ya buɗe tukunya, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa tururin, ya ja ƙamshi, sannan ya tafa hannu da ƙarfi, tas, tas, ya ce, "Telata, kin gama da ni!" Tafin nan na masu biredi ne. Haka suke yi a wajen aiki duk sanda suka gama murza kwaɓi, don garin ya zube daga hannu. Shi kuwa ya bi masa jiki har ya zama bakinsa na biyu. In ya ji daɗi tafi, in an haihu tafi, in ƙungiyar ƙwallonsa ta ci tafi. Bayan tafin sai mu zauna, ya jawo farantina gabansa, ya cire wa kifina ƙaya ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa. Tun da ƙaya ta taɓa maƙale min ina da cikin fari, bai sake yarda na cire da kaina ba.

Wata rana na ɗage labulen kicin don in ga zaren da ya faɗi, na manta ban sauke ba. Rana ta shigo ta taga ta sauka daidai kan tukunya. Ya shigo, ya buɗe, ya sunkuya, ya tafa. Sai ga shi a cikin hasken nan ina gani da idona: farin gari yana tashi daga hannun rigarsa, daga gemunsa, daga bakin hularsa, yana lilo a iska, yana sauka a hankali cikin shinkafata, a tukunyata mai jan zare.

"Telata, kin gama da ni!"

Na ce a raina, kai ne ka gama da ni, bawan Allah. Amma a fili murmushi na yi na ce ya zauna.

Ban faɗa masa ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na san mutumin da nake aure. Wanda ya kusa kai mage ƙara, me zai yi in ya gane kansa yake nema? Na kira Auta, 'yarmu ta ƙarshe da take aure a can nesa, na gaya mata a waya.

"Mama, ki faɗa masa kawai mana. Ya yi wanka ya canza kaya, shi ke nan."

"Ke kika san ubanki ko ni?"

"To ki zauna ki yi ta ciwo."

'Ya'yan zamani, komai a bakinsu shi ke nan ne.

Sai na shiga dabara. Na riƙa ɗibar nawa in rufe in ɓoye kafin ya dawo, amma da mun zauna sai ya buɗe, wai yana so ya ga ko na zuba da yawa. Na ce masa tafin nan yana sa min ciwon kai, ya ce to, ya daina na yini ɗaya, washegari hannun ya yi abinsa ba da saninsa ba. Na ce na gaji da kifi. Ya dube ni ya ce, "Ke? Kifi?" Ya tafi ya sayo wanda ya fi girma, ya zauna ya yi masa tiyata da faratan nan nasa masu busasshen kwaɓi a ƙarƙashi. Na ci ina murmushi, na kwana ina juyi.

Ana nan sai ya dawo wata rana da fara'a har kunne. Ya ce ya samo dabara. A wajen aiki in suna zargin buhun fulawa yana yoyo, baƙar leda suke shimfiɗa masa a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ta zuba sai ta nuna. Ya ce in ba shi baƙin yadi. Na ce na mutane ne, ɗinki aka kawo. Ya ce aro ne, ba ci zai yi ba.

Da sassafe kafin ya fita ya lulluɓe teburin kicin da baƙin yadin nan, ya ja wani ya rufe kan kanta, ya rufe taga, ya kulle ƙofa ya tafi da makulli. A ɗaki na dafa shayina ranar a kan ƙaramin risho, ina ta addu'ar Allah Ya sa ya manta. Ina! Rana na takewa sai ga shi, ko zama bai yi ba.

"Taho ki zama shaida, Tela. Yau ƙaryar Ɗan Gulma ta ƙare. In ta rufi yake zubowa za mu gani, in ta taga ne za mu gani."

Ya buɗe ƙofa a hankali, ya sa tabarau, ya bi yadin da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Baƙi ƙirin, ko ɗigo babu. Ya sunkuya ya ƙara dubawa. Ya ɗago yana washe baki.

"Kin gani? Kicin ɗina tsaf yake! Yauwa!"

Na buɗe baki zan ce kada, amma hannun ya riga ni. Tas, tas.

Garin ya sauka a kan baƙin yadin nan kamar an barbaɗa gishiri. Ya tsaya yana kallo. Ya ɗaga hannu ya shafa gemu, irin na mai tunani, wani garin ya ƙara zubowa a kan na farko. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansu, ya dubi faratansa. Wallahi da a gidan wasu abin ya faru aka ba ni labari, da sai na yi dariya har da hawaye.

"Kin sani?" in ji shi, bai dube ni ba.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kika yi ta ci."

Ya naɗe yadin a hankali ta yadda garin ba zai tashi ba, ya rungume shi ya fita waje da shi.

Abin da na guda shi ya same ni, har da ƙari. Bai yi faɗa ba, bai yi mita ba, da ma ya yi. Sai ya koma baƙo a gidansa. Ya daina shigowa da rana tsaka, sai can yamma, cikin wasu kayan daban, yana ƙamshin sabulun wanki. Ya daina taka kicin. Abincinsa ya ce a riƙa ajiye masa a kan ɗan bencin da ke bakin ƙofa, inda ake cire takalma, nan yake zama ya ci, bayansa a jikin bango. In zan wuce sai ya maƙale gefe ya ɓoye hannuwa a aljihu. Tafi kuwa ya mutu murus. Ranar da Auta ta kira ta ce tana da ciki, na ga hannuwan sun ɗago da kansu, sai ya kama ɗaya da ɗaya ya mayar da su kan cinya ya ce, "Madalla."

Ni kuma, abin haushi, sai na warke. Ciki ya lafa, kumatu suka ciko, na riƙa taka keke tun safe har yamma ba gajiya. Maƙwabta suna ta cewa na yi kyau. Ina zaune ni kaɗai a tebur da farantina mai tsabta, ina tsintar ƙayar kifi da cokali mai yatsu kamar 'yar koyo, ina jin ƙarar cokalinsa daga bakin ƙofa. Ban taɓa cin abinci marar daɗi irin na kwanakin nan ba, kuma ni na dafa shi.

Da muka koma asibiti Likita ta ce jinin ya yi kyau. Na ce to ta gaya masa da bakinta, don ni ya daina jin tawa. Ta yi masa dalla-dalla: abin ba a taɓawa yake ba, a haɗiya yake. Ya yi wanka, ya wanke gemu, ya goge farata da buroshi, ya canza kaya, sai ya zauna kusa da matarsa ya ci abincinsa. Ya ce to, ya gode. Muna fitowa ya ce min, "Likita ta san hanji, amma ba ta san fulawa ba. Fulawa ba ta fita."

Nan na ji raina ya ɓaci na gaske. Na yi haƙuri da biredi, na yi haƙuri da kek ɗin Gwaggo, na yi haƙuri da jan-bakina da har yau yana wajen mai kemis. Amma ban yi alkawarin haƙura da mijina ba, kuma ba wanda ya rubuta min shi a cikin abubuwan da zan bari.

Washegari na dafa shinkafa da kifi, na jera faranti biyu a tebur, na rufe. Na ɗauke bencin bakin ƙofa na kai shi bayan gida na kife. A wurinsa na ajiye bokitin ruwan ɗumi da sabulu da sabon buroshi da tawul, na jawo kujera na zauna na harɗe. Da ya turo ƙofa ya gan ni sai ya ja da baya.

"Ina bencina?"

"Ya yi tafiya. Miƙo hannunka."

"Tela, bari mana."

"Na ce miƙo. Tunda kai ba ka iya wankewa ba, ni zan wanke. Na wanke 'ya'yanka duka, ba wanda ya fi ƙarfina."

Ya tsaya yana kallon ƙasa, hannuwa a aljihu. Na miƙe na kama hannun rigarsa na fizgo. Sai na saki buroshin ya faɗa cikin bokiti.

Hannuwan sun yi jawur. Bayan yatsun duk ya tsattsage, wasu wuraren da busasshen jini. Faratan ya yanke su har cikin nama. Fatar tafin ta saluɓe, ta yi sheƙi kamar ƙuna.

"Me ka yi wa kanka?"

"Soson ƙarfe ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Irin na wanke tiren biredi. Kullum in na tashi aiki nakan dirje. Sai in duba in ga kamar da saura."

"Da wannan hannun kake kwaɓi? Da gishiri da komai?"

"Ina sa safar hannu. Zafi ne dai kaɗan."

Na zage shi. Na ce masa mai taurin kai, na ce masa wawan dattijo, na ce da shi da Ɗan Gulma ban san wanda ya fi cutar da ni ba. Ina faɗa ina kuka, hanci yana zuba, ban damu ba. Na ture bokitin gefe, don babu abin da ya rage a hannun nan da za a wanke. Na shiga ɗaki na ɗauko man shafawa, na zaunar da shi a kujerata, na durƙusa na bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya ina shafawa. Yana ta cije baki yana cewa a hankali, ni kuwa ina cewa ai ba ka ce wa soson ƙarfe a hankali ba.

Da na gama na ja shi har tebur. Ya ɗauki kujerarsa ya kai ta can ƙarshe ya zauna a ɗofane, hannuwa a sama kamar wanda aka yi wa fenti. Na ɗauki tawa na bi shi, na ajiye har gwiwata ta bugi tasa. Na sa masa cokali a tsakanin yatsu.

"In cikin ya tashi fa?" ya ce.

"In ya tashi nawa ne. Ci."

Ya buɗe farantin ya kai cokali ɗaya baki, ya tauna, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Shinkafar ta huce, Tela."

"Laifin wa?"

Muka cinye ta da sanyinta.